Daga Bakin Tiga Zuwa Vom: Yadda Ake Kama Ƙwayar Murar Tsuntsaye Da Ranta

 

Duk lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla, abin da muke ji a labarai shi ne an tabbatar. An tabbatar a Kano, an tabbatar a Filato. To wa ya tabbatar, kuma da me? Yaya ake yi a ɗauko abin da ido ba ya gani daga jikin agwagwar daji, a kai shi ɗakin bincike da ransa, a raine shi har ya yi yawan da za a san ko wane iri ne? Wannan aiki nake so mu bi tare yau, kuma da mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa nake magana musamman.

Ku duba ƙasar da kuke zaune. A Bebeji akwai madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwanta ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 178. Daga kudancin tafkin dajin Falgore ya taso, ya miƙa ta Tudun Wada har Doguwa, Kogin Kano yana ratsa shi. Kogin nan idan ya bar Tiga sai ya shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, ya haɗu da Challawa su zama kogin Haɗeja, su gangara har fadamun Haɗeja da Nguru, inda dubban tsuntsayen ruwa ke yin hunturu. Masunta sun fi ni sanin tsuntsayen nan: kirinjijiya mai farar fuska da ke fito cikin dare, da dinya, da zalɓe, da balbela mai bin shanu. Akwai kuma baƙi, ƙananan agwagin da ke baro Turai da Rasha idan ƙanƙara ta rufe musu ruwa, su tsallako Sahara su sauka Afirka ta Yamma daga wajen Oktoba, su juya wajen Maris. Shamuwa ba ta cikin wannan ayari. Ita 'yar damina ce, daga kudancin Afirka take zuwa mana.

Sai kuma hanya. Babbar cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasar nan tana Vom, a jihar Filato, tun 1924. Motar da ta ɗauko samfuri daga Kano ta nufi can, idan gajeriyar hanya za ta bi, a Kwanar Ɗangora za ta karya, ta bi Tudun Wada, ta ratsa Falgore, ta wuce Doguwa da Saminaka, sannan ta hau Jos. Ga ruwa a wajenku, ga tsuntsaye, ga hanyar ɗakin bincike ta bi ta ƙofar gidanku.

Asalin mazaunin ƙwayar murar tsuntsaye cikin tsuntsayen ruwa ne. A hanjinsu take zaune, iri-iri, kuma mafi yawan ire-iren ko atishawa ba sa sa agwagwa. Ta yi kashi a ruwa, ƙwayar ta fita, wata ta zo ta sha. Ɓarna tana farawa ne idan iri biyu daga ciki, masu lamba H5 da H7, suka faɗa garken kaji masu yawa, suka yi ta wucewa daga kaza zuwa kaza har suka rikiɗe suka zama masu kisa. Haka ta faru da wadda ta addabe mu. A 1996 aka fara ganin H5N1 a jikin dinyar gida a lardin Guwandon na ƙasar Sin. A 1997 ta kama mutum 18 a Hon Kon, shida suka rasu. A 2005 ta koma cikin tsuntsayen daji, ta kashe fiye da 6,000 a tafkin Cinhai, daga nan ta yo yamma. Ranar 8 ga Fabrairun 2006 aka sanar da ita a gonar Sambawa da ke Jaji, a jihar Kaduna, karon farko ke nan a nahiyar Afirka, kuma sai da aka tura samfurin Padoba ta ƙasar Italiya kafin a tabbatar. Cikin watan nan ta bayyana a gonakin Kano, ta bayyana a Magaria ta Jamhuriyar Nijar. Kafin ta lafa a 2008, kaji fiye da miliyan ɗaya sun tafi. Ta dawo a Janairun 2015, Kano da Legas ta fara taɓawa, ta ci fiye da miliyan uku. A ƙarshen 2016 wata 'yar'uwarta, H5N8, ta ɓulla a Kano. A 2021 ma Kano ce a sahun gaba.

Duk zuwan da ta yi, gardama ɗaya ake yi a majalisa: tsuntsayen daji ne suka kawo ta, ko kuwa 'yan tsaki da ƙwai da ake shigowa da su ta kan iyaka? Wannan gardama baki ba ya raba ta. A 2006, masana daga Jami'ar Ibadan da abokan aikinsu na Lukzambog sun karanta rubutun halittar ƙwayoyin da aka samu a Najeriya, suka ga ba sau ɗaya ta shigo ba, zuriya uku ce daban-daban. Irin wannan sani daga samfuri yake fitowa, samfuri kuma daga bakin ruwa yake farawa.

To ga yadda ake ɗaukarsa. Hanya uku ce. Ko a kafa raga mai laushi a kama tsuntsu da rai, a ɗauki abin da za a ɗauka a sake shi. Ko a je wurin mafarauta a roƙi a taɓa abin da suka harbo kafin a fige. Ko kuma a yi sammako a je inda agwagi suka kwana, a bi kashinsu tun yana ɗanye, domin wanda rana ta busar ba shi da sauran amfani. Ma'aikaci yana riƙe da ɗan tsinke mai tattausan kai. Kan nan ba auduga ba ce, zaren roba ne, sandar ma roba ce, saboda auduga da itace suna iya ɓata gwajin da za a yi daga baya. Tsinke ɗaya a maƙogwaro, ɗaya a dubura. Dalilin yin biyu shi ne, ƙwayoyin da ba sa kisa sun fi fita ta kashi, ita kuwa H5N1 mai kisa sau da yawa ta fi yawa a maƙogwaro. Idan mushe ne, likita zai buɗe shi ya yanki huhu da saifa da hanta da ƙwaƙwalwa, hanji kuma a ajiye shi daban saboda ƙazantarsa. Sai a tsoma kan tsinken a 'yar kwalba mai ruwan gishiri na musamman, wanda aka zuba wa magunguna irin su fenisilin da sitiraftomaisin da jentamaisin, don su kashe bakteriya su bar wadda ake nema. A rubuta irin tsuntsun, da wurin, da ranar. Kwalbar da ba rubutu a jikinta wahalar banza aka sha.

Daga wannan minti agogo ya fara bugawa, kuma nan ne nake so ku kasa kunne sosai, domin a nan aikin ya fi lalacewa a ƙasa irin tamu.

Ƙwayar mura tana lulluɓe da wata fata ta maiƙo. Zafi yana fasa ta, rana tana fasa ta, sabulu yana fasa ta. Wannan rahama ce ga uwargida a madafa, domin naman da ya dahu sosai, zafinsa ya kai digiri 70 har ciki, ba ya ɗauke da cutar. Amma ga mai ɗauke da kwalba daga gaɓar Tiga a watan Maris, lokacin da zafin rana ke kaiwa digiri 40, wannan rauni shi ne babban abokin gaba. Ƙa'ida ita ce kwalbar ta shiga kula mai ƙanƙara nan take, ta zauna a sanyin digiri 4, kuma kada ta wuce kwana huɗu a haka. Idan za ta daɗe, sai firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, ko tulun ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai 196 ƙasa da sifiri. Firizar gida, irin wadda ake sa zoɓo da kifi, ba ta dace ba. Sanyinta bai kai ba, ga shi wuta tana zuwa tana tafiya. Duk narkewa ɗaya da sake daskarewa yana kashe wani kaso na ƙwayoyin. Kwalba za ta isa Vom tsaf, rubutunta raɗau, amma abin da ke ciki ya riga ya mutu tun a Falgore.

Kada ku ɗauka ƙaramar matsala ce. A farkon 2006, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da wata cibiyar bincike ta Faransa da ƙungiyar kula da fadamu ta duniya, sun bi ƙasashen Afirka 14, har da Nijar da Chadi da Mali, suka tara samfuri fiye da 4,500 daga tsuntsayen ruwa. Fiye da 150 sun nuna alamar ƙwayar mura, babu H5N1 mai kisa a ciki. Amma da aka zo raino, waɗanda suka tashi da rai ko goma ba su kai ba. Ƙwararru ne fa, da kuɗi da kayan aiki. Samfurin tsuntsun daji dama ƙwayar da ke cikinsa kaɗan ce, ba kamar na kazar da ke gargarar mutuwa ba, sai kuma zafi da nisan hanya suka ƙara rage ta.

Idan kwalba ta isa, gwajin farko shi ne wanda ake kira PCR, wanda da yawanmu muka san sunansa lokacin korona. Na'ura ce ke neman wani ɗan yanki na rubutun halittar ƙwayar, ta yi ta kwafarsa har ya yi yawan da za a gani. Cikin sa'o'i kaɗan za ta ce akwai mura ko babu. Idan akwai, a sake tambayarta ko H5 ce ko H7. Yana da sauri, yana da kaifi, har akan haɗa tsinke biyar na tsuntsaye iri ɗaya a gwada su tare don a rage kashe kuɗi. Sai dai bai san rayayya da matacciya ba. Sarkin Baka ya san bambancin ganin sawu da kama nama: sawu zai gaya maka abin da ya wuce da inda ya nufa, amma ba za ka auna ƙarfinsa ba sai yana hannunka. PCR sawu yake nunawa. Kamawa kuwa sai da ƙwai.

Ƙwan kaza, i, amma ba na kasuwa ba. Ana son ƙwai mai ɗan tsako a ciki, wanda ya kwana 9 zuwa 11 a injin ƙyanƙyasa. Kuma uwar da ta saka shi sai ta kasance daga garken da aka killace, wanda bai taɓa haɗuwa da mura ba. Dalili kuwa, kaza tana zuba wa ƙwanta garkuwar da jininta ya tara. Idan ta taɓa gamuwa da cutar, garkuwar nan za ta iya danne ƙwayar da ake son ta tashi, a ce babu alhali akwai. Irin wannan garke kiwonsa akwai tsada, shi ya sa ƙwan yake da daraja, shi ya sa kuma ba kowane samfuri ake kai wa ƙwai ba, sai wanda PCR ya nuna. Ku lissafa da kanku: samfuri 150, kowane ƙwai biyar, zagaye biyu, ƙwai 1,500 ke nan.

Kafin allura sai an tace ruwan kwalbar. A juya shi a injin da ke wulwulawa da gudu har datti ya kwanta, a bar shi awa ɗaya ko biyu magungunan su yi aikinsu. Samfurin kashi har ninka masa magani ake yi wajen sau biyar, domin bakteriya ɗaya da ta tsira za ta ruɓar da ƙwan, aiki ya tashi a banza. Sai a shiga ɗaki mai duhu a haska ƙwai da fitila mai ƙarfi. Za ka ga jijiyoyin jini sun yi rassa, ɗan tsako yana motsi, ga gurbin iska a faffaɗan kan. A ja layi da fensir, a goge da sifirit, a huda ƙaramin rami, a zura allura a zuba kamar ɗigo huɗu, wato kashi ɗaya cikin biyar na mililita. Ba a jikin ɗan tsakon ake zubawa ba. Akwai wata jakar ruwa da ke kewaye da shi, inda yake zubar da fitsarinsa. Bangon jakar nan shi ne gonar ƙwayar. Ta shiga, ta hayayyafa, 'ya'yanta su zubo cikin ruwan. A toshe ramin da kaki, a mai da ƙwan injin a zafin digiri 37.

Daga nan sai jira. Kullum a fito da ƙwai a haska. Idan ƙwaya mai kisa ce, cikin kwana ɗaya zuwa biyu jijiyoyin za su dushe, motsi ya tsaya. Idan mai sauƙi ce, irin wadda aka fi samu a agwagin daji, ɗan tsakon zai iya ci gaba da motsinsa kamar ba komai, har kwana huɗu, har mako. Saboda haka ba a yanke hukunci da ido. Wanda ya mutu da wanda ya rayu, duk sai an sa su a firij na sa'o'i ko kwana guda kafin a fasa. Akwai hikima a nan: sanyi yana tsuke jijiyoyi, jini ba zai tsiyaya cikin ruwan ba. Idan ya tsiyaya, ƙwayoyin cutar za su manne wa jinin su kwanta tare da shi, a ɗebi ruwan sama a ga wayam.

Wannan ɗabi'a ta manne wa jini ita ce kuma ta zama ma'auni. A 1941 wani likita a Niyok mai suna George Hirst yana ɗibar ruwan ƙwai, jijiya ta fashe, sai ya lura jinin ya dunƙule a ƙwan da ke da mura, bai dunƙule a wanda ba shi da ita ba. Har yau da abin da ya gani ake aiki. Ana da wani faranti na roba mai ƙananan ramuka 96. A ɗiga ruwan ƙwai, a ɗiga jajayen ƙwayoyin jinin kaza da aka wanke aka tsarma, a jira minti 30 zuwa 40. Inda babu cuta, jinin zai gangara gindin ramin ya taru ya zama jan ɗigo guda. Inda take, za ta riƙe ƙwayoyin jinin ta sarƙe su, ramin ya yi ja bai-ɗaya, ba ɗigo. Ba na'ura mai tsada, ido kawai da haƙuri. Ni wannan mataki ya fi burge ni a duk aikin, domin dabarar raino a ƙwai tun 1931 aka faro ta a Amurka, gwajin jinin ya haura shekara 80, kuma duk ci gaban da aka samu ba a yar da su ba. Yawancin allurar rigakafin mura da ake yi wa mutane a duniya ma har yanzu a ƙwai ake rainonta.

Idan ɗigo ya fito, wato babu, ba a sallami samfurin ba tukuna. Sai a ɗebi ruwan ƙwan farko a zuba a sabon ƙwai a sake zagaye. Sau da yawa ƙwayar tsuntsun daji sai a zagaye na biyu take nuna kanta, saboda ta zo da ƙaranci kuma ta galabaita.

Idan kuma jini ya sarƙe, da sauran tambaya, domin ba mura kaɗai ke yin haka ba. Cutar Niyukasil, wadda ke kwashe kajin gida duk hunturu, ita ma tana sarƙe jini, kuma tsuntsun daji ɗaya yana iya ɗauke da su biyun. Kai ko a gida, alamunsu suna kama da juna ƙwarai, shi ya sa duk wanda ya kalli kaza ya ce maka wannan mura ce ko ba mura ba ce, ƙiyasi yake yi. A ɗakin bincike akwai jerin kwalabe na ruwan jini, kowace da garkuwar iri guda. A haɗa ƙwayar da kowanne. Wanda ya hana ta sarƙe jini, shi ya faɗi sunanta. A tsuntsaye, H tana da iri 16, N tana da 9. Daga nan sunaye irin H5N1 da H5N8 suke fitowa.

Saura a san ko mai kisa ce. Tsohuwar hanya ita ce a samu kaji goma 'yan mako shida, a yi musu allurar ƙwayar a jijiya, a duba su kwana goma ana ba da maki: sifiri ga mai lafiya, uku ga wadda ta mutu. Idan matsakaicin makin ya haura 1.2, mai kisa ce. Yanzu an fi karanta wani ɗan gurbi a rubutun halittarta, wanda ke nuna ko za ta tsaya a hanji da maƙogwaro ko za ta bazu duk jiki har ƙwaƙwalwa. Akwai kuma masu raino a faranti, a kan ƙwayoyin ƙodar kare da ake ta rainon zuriyarsu tun 1958, amma ga murar tsuntsayen daji ƙwai ya fi karɓa. Duk wannan a ɗaki mai tsaro ake yinsa, iska ba ta fita sai an tace ta, ma'aikaci a rufe ruf, duk abin da aka taɓa sai an dafa shi a tukunyar tururi. Mai rainon ƙwaya ninka ta yake yi sau miliyoyi, ba aikin da za a yi a shagon magani ba ne.

Wani zai ce, tunda PCR ya faɗi akwai, wahalar me ake sha? Amsa ita ce, sai da rayayyar ƙwaya ake sanin ko rigakafin da ake da shi zai yi mata, ko maganin da ake ba mutane yana kama ta, ko ta fara koyon shiga jikin dabbobi masu shayarwa. Wannan na ƙarshe ba tatsuniya ba ce: a Maris 2024 an same ta a shanun madara a Amurka. Daga 2003 zuwa yau ta kama mutum fiye da 900 a duniya, kusan rabinsu suka rasu, cikinsu har da wata matashiya 'yar shekara 22 a Legas, a Janairun 2007. Ƙwayar da aka raina aka adana, za a iya fito da ita bayan shekara goma a gwada ta da sabuwa. Wadda ta mutu a hanya, abin da za a samu a jikinta taƙaitacce ne.

Ga wani abu da ya faru a ƙarshen kogin naku. A Fabrairun 2007, masu bincike a fadamun Haɗeja da Nguru sun kama kirinjijiya da dinya masu ƙoshin lafiya a ido, gwaji ya nuna suna ɗauke da H5N2 mai alamar kisa a rubutun halittarta. Ɗaya daga cikin kirinjijiyar an ɗaura mata 'yar na'urar da tauraron ɗan'adam ke bi. Ba ta mutu ba. Ta tashi ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita har ta shiga ƙasar Chadi. Kirinjijiya fa ba baƙuwar Turai ba ce, tamu ce ta gida, kuma ba ruwanta da iyakar jiha ko ta ƙasa.

A nan zan faɗi ra'ayina ƙarara. Jin wannan labari kada ya sa wani ya ɗauki bindiga ko guba ya nufi bakin ruwa. Hukumomin lafiyar dabbobi na duniya sun daɗe suna gargaɗi cewa kashe tsuntsayen daji ba ya tsayar da cutar. Watsa su yake yi, su kai ta inda ba ta je ba, mai harbin kuma ya kwaso ta a hannunsa. Kuma ko da tsuntsun daji ne ya kawo ta bakin ruwa, mu ne muke kai ta gari. Ku tuna abin da ya faru a ƙarshen 2024: wani matashi a Gwale ya sayo agwagwa a kasuwar Janguza ya haɗa ta da tsuntsayensa, yawancinsu suka mutu, a Janairun 2025 aka tabbatar mura ce. Keji da babur da kasuwa sun fi fiffike saurin raba ta gida-gida. Agwagwar gida da ke wuni a tafki ta dawo ta kwana da kaji, ita ce gadar da ya kamata a sa wa ido. Inna mai kiwo, idan kin sayo sabuwar kaza ko agwagwa, ki ware ta mako biyu kafin ki haɗa ta da naki.

Abin da nake roƙo ga hukuma ba gina wani Vom a Tudun Wada ba ne. Raino a ƙwai ya zauna inda yake, wurin masu ɗaki mai tsaro. Abin da ya kamata ya matso kusa da ruwa shi ne sanyi da kwalba. Firij mai aiki da hasken rana a ofishin malamin dabbobi na kowace ƙaramar hukuma daga cikin huɗun nan, da tsinkaye da kwalabe da safar hannu a ajiye tun kafin Oktoba, da tulun naitirojin guda da zai riƙa zagayawa lokacin hunturu. Tulun nan ba baƙon abu ba ne. Masu yi wa shanu barbara ta allura da irinsa suke yawo. Tun 2024 akwai ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo, kuma wannan yana cikin ayyuka mafi araha da za ta iya yi tare da jiha. Sai a zauna da Sarkin Ruwa da Sarkin Baka da ma'aikatan gandun daji na Falgore a koya musu abin da za su lura da shi, domin su ne suke bakin ruwa da asuba, lokacin da mushe bai kumbura ba.

Sai maganar diyya, wadda ba a raba ta da wannan. A farkon 2006 naira 250 aka yanka wa kowace kaza, mutane da yawa suka ga gara su sayar a ɓoye da su kai rahoto. Duk inda mai kiwo ya san faɗin gaskiya zai jawo masa asara ba tare da an share masa hawaye a kan kari ba, shiru zai yi, ɗakin bincike kuma ya zauna da ƙwansa ba abin zubawa.

Kai kuma ɗan'uwa masunci, ko manomin rani, ko makiyayi, idan ka tarar da tsuntsayen ruwa sun mutu da yawa wuri guda, ko kana ganin wata tana juya wuya tana kasa tashi, kada ka taɓa da hannu, kada ka yanka don miya, kada ka bar yara ko kare su ɗauka. Ka sanar da mai unguwa ko dagaci a ranar, su kira malamin dabbobi. Abu huɗu zai tambaye ka: a ina ne daidai, wane irin tsuntsu, guda nawa, kuma yaushe ka fara gani. Idan akwai hali ka ɗauki hoto da waya daga nesa. Takalmin da ka taka wurin da shi, ka wanke shi da sabulu kafin ka shiga inda kajinka suke.